Babi na Shida: Wa Ya Yanke Maganin da Za a Yi wa Gwiwarka?

"Likita, ba za a yi min hoto ba? Ko allura ma babu?" Tambayar da masu ciwon gwiwa da ciwon baya suka fi yi ke nan in an sallame su da 'yar takardar man shafawa da shawarar motsa jiki. Mutum ya baro gida tun asuba, ya yanki kati, ya bi layi har azahar, a ƙarshe a ce masa, "Baba, ka dinga tattaki kullum, kuma a rage ƙiba." Da yawa kan fito suna ganin an raina musu ciwo. Wasu ko gida ba sa kaiwa sai sun ratse kyamis an ƙulla musu ƙwayoyi kala-kala a leda.

A bayan wannan tambaya akwai wadda ta fi ta girma: wa ya yanke cewa wannan maganin za a bayar, wancan a bar shi? Likitan da ka gani ba shi kaɗai ya yanke ba. Akwai kundin ƙa'idojin jinya da aka horar da shi a kai, akwai jerin magungunan da gwamnati ke saya wa asibitocinta, akwai abin da inshorar lafiya ta yarda ta biya da wanda ta ce ba ruwanta. Waɗannan su ake kira manufofin lafiya, kuma ana so a ce bincike ne ya haife su. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa bincike yakan gama maganarsa, manufa ta yi shekaru ba ta amsa ba.

Ciwon da ba ya kisa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum biliyan 1.71 ne ke fama da ciwon ƙashi, gaɓoɓi ko tsoka. Masu amosanin gaɓoɓi irin na zaizayar guringuntsi sun kai miliyan 528 a wannan shekarar. Ciwon baya kaɗai ya kama mutum miliyan 619 a 2020, ana hasashen zai kai miliyan 843 a 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi kwantar da mutane daga aiki a duniya.

Duk da haka ma'aikatun lafiya sun daɗe ba sa waiwayarsa, domin mace-mace suke ƙirgawa. Kwalara in ta ɓarke ana ganin gawa, minista ya fito a talabijin. Manomin da bayansa ya hana shi sunkuyawa kuwa yana zaure a zaune, ba ya cikin lissafin kowa sai na iyalinsa. Sai a farkon shekarun 1990 masu bincike suka fara ƙirga shekarun da mutum ke yi yana raye amma ciwo ya ɗaure shi. Da aka sauya abin da ake ƙirgawa, sai ciwon baya da na gaɓoɓi suka haura can sama. Aka ware 2000 zuwa 2010 a matsayin shekaru goma na kula da ƙashi da gaɓoɓi a duniya, ƙasar Ostareliya kuma a 2002 ta saka su cikin cututtukan da take bai wa fifiko.

"Ni dai na samu sauƙi"

Sanin yawan masu ciwo abu ne mai sauƙi in aka kwatanta da sanin abin da ke yi musu magani. Ciwon gaɓoɓi yana hawa yana sauka da kansa. Wannan makon ba ka iya sujada, makon gobe ka je kasuwa da ƙafa. Kuma mutum ba ya neman magani sai ranar da ciwon ya kai maƙura, wadda daga ita sauƙi ne ya fi kusa. Duk abin da aka ba shi a ranar, ƙwaya ce, ƙaho ne, jiƙo ne ko allura, shi zai kwashe yabon. Ga kuma ƙarfin zato: wanda ya yarda an yi masa babban aiki yakan ji zafin ya ragu da gaske.

A ɗauki manomin da aka kawo wa sabon taki. In ya watsa shi a gonar gaba ɗaya, damina ta yi kyau, ya cika rumbu, ba zai iya rantsewa takin ne ya yi aiki ko ruwan sama ba. Mai wayo raba gonar yake yi biyu, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, ya sa taki a ɓangare guda, da kaka ya ƙirga dammuna. Haka ake gwada magani. A tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a raba su da ƙuri'a don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya ba su sabon maganin, a ba wasu na gaske, wasu na bogi mai kama da shi, kuma kowa bai san wanne ya samu ba. Wani likita ɗan Birtaniya, Archie Cochrane, ya yi ta nanata tun 1972 cewa tunda kuɗin lafiya ba ya isa, bai kamata a kashe shi a kan abin da bai ci irin wannan gwaji ba. Da sunansa aka kafa ƙungiyar Cochrane a 1993, wadda aikinta tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan magani ɗaya a auna su tare.

Da ƙwaya wannan ba wuya, ana iya yin ta garin sitaci. To tiyata fa?

Tiyatar da ba a yi ba

A shekarun 1990 akwai wata tiyata da ta yi tashe a Amurka ga masu amosanin gwiwa. A huda ƙananan ramuka, a zura siririn bututu mai kyamara, a wanke gaɓar da ruwan gishiri, a kankare guringuntsin da ya yi kaushi. Hankali ya kama: gaɓa ta yi datti, an wanke ta. Marasa lafiya suna godiya. A lokacin ana yin sama da 650,000 a shekara, kowace a kan kusan dala 5,000.

Wani likitan ƙashi mai suna Bruce Moseley da abokan aikinsa, a asibitin tsofaffin sojoji na Houston a jihar Texas, suka yanke shawarar gwada ta. Suka ɗauki mutum 180, suka raba su gida uku. Kashi na farko aka wanke aka kankare. Na biyu wankin kawai. Na uku aka ba su maganin barci, aka yi musu 'yan yanka uku a fatar gwiwa, ba a zura komai ba. Sai bayan an shiga ɗakin tiyata ake miƙa wa likitan ambulan da ke faɗin rukunin da mai jinyar ya faɗa. In na bogi ne, yakan ci gaba da neman a miƙo masa kayan aiki, ana fantsama ruwa don a ji ƙarar wanki, har lokacin da aikin gaske ke ɗauka ya cika, sannan a ɗinke. Ba yaudara aka yi ba: kowanensu sai da ya rubuta da hannunsa cewa ya san yana iya faɗawa cikin na bogin.

Aka bi su shekara 2. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna babu wani lokaci da waɗanda aka yi wa aikin gaske suka fi na bogi samun sauƙin ciwo ko iya tafiya. Dukkansu sun ce sun ɗan ji dama-dama, har da waɗanda fatarsu kawai aka yanka.

Likitocin ƙashi suka yi ca. Suka ce likita ɗaya ne ya yi aikin duka, kuma kusan duk marasa lafiyar maza ne tsofaffin sojoji. Ƙorafin yana da tushe, kuma amsarsa ita ce a sake gwadawa. A 2008 aka yi a Kanada, maza da mata: wasu tiyata da gashin ƙashi da magani, wasu gashin ƙashi da magani kawai. Tiyatar ba ta ƙara komai ba. Sai masu aikin suka koma cewa ai ba amosanin suke yi wa ba, yagewar wani faifan guringuntsi da ke tsakiyar gwiwa suke gyarawa. A 2013 likitocin Finlan suka gwada wannan ma da tiyatar bogi a kan mutum 146 waɗanda faifan nasu ya yage don tsufa. Bayan shekara guda babu bambanci.

Shekara 17

Hukumar inshorar tsofaffi ta Amurka ta taƙaita biyan kuɗin wannan aiki a 2004. A Ingila, hukumar NICE, wadda aka kafa a 1999 don ta auna hujja ta faɗa wa asibitocin gwamnati abin da ya dace, ta ce tun 2008 a daina tura masu amosani wankin gwiwa sai in gaɓar tana kullewa. Amma aka ci gaba da yi. Sai a 2019 hukumar asibitocin Ingila ta saka shi cikin ayyukan da ba za a dinga biyan kuɗinsu ba sai da roƙo na musamman. Daga 2002 zuwa 2019 shekara 17 ke nan.

A kwatanta da Vioxx, maganin ciwon gaɓoɓi da ya shiga kasuwar Amurka a 1999. Da wani gwaji ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kamfanin Merck ya janye shi daga duniya baki ɗaya ranar 30 ga Satumba, 2004. Abin da ke kisa ana tsayar da shi, ko da an makara, domin akwai kotu da 'yan jarida. Abin da laifinsa kawai rashin amfani ne ba shi da mai kai ƙara. Wanda aka yi wa ya ji sauƙi, wanda ya yi an biya shi, asibiti ya sayi na'urori dole su mayar da kuɗinsu.

Ba na ɗaukar waɗannan likitoci a matsayin macuta. Mutum ya yi shekara ashirin yana aiki, yana ganin marasa lafiya suna dawowa da godiya, sannan wata takarda ta ce duk wannan ba komai ba ne. Idonsa zai gaskata kafin takarda. Shi ya sa shawara kaɗai ba ta cika sauya halin asibiti ba. Abin da ke sauya shi nan take shi ne a daina biya.

Hujja da farashi

Ko magani ya ci gwaji, da sauran magana: nawa ne, kuma me za a bari don a saya shi? NICE takan lissafa kuɗin da za a kashe kafin magani ya ƙara wa mutum kwatankwacin shekara guda ta cikakkiyar lafiya. Ta shafe shekaru tana amfani da iyakar fam 20,000 zuwa 30,000. Abin da ya haura haka sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Wannan lissafi yana da ɗaci a kunne, amma ƙasar da ba ta yin sa a fili tana yin sa a ɓoye, inda mai hanya ke samu, marar hanya ya koma gida.

Misali mai kyau shi ne amosanin gaɓoɓi mai kumburi, wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓin mutum. A ƙarshen shekarun 1990 aka samo wasu allurai masu ƙarfi da ke kwantar da shi. Suna aiki, babu musu, sai dai tsada. NICE ta amince da su a 2002, amma ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani kuma magungunan farko suka gaza. Ɗaya daga cikin irinsu, adalimumab, ya zama maganin da asibitocin Ingila suka fi kashe wa kuɗi, sama da fam miliyan 400 a shekara. A Oktoban 2018 wa'adin mallakar kamfanin da ya ƙirƙire shi ya ƙare a Turai, wasu kamfanoni suka fito da makamantansa, farashi ya faɗi. A 2021 NICE ta buɗe ƙofa ga masu matsakaicin ciwo. Maganin dai shi ne, aikinsa ma bai ƙaru ba. Farashin ne ya sauya, manufa ta bi shi.

Maganin da ba shi da ɗan talla

Yanzu mu koma ga Baban da aka ce ya dinga tattaki. Likitan bai raina masa ciwo ba. An yi gwaji sama da 50 a kan motsa jiki ga masu amosanin gwiwa, kuma da aka haɗa su sun nuna yana rage zafi yana ƙara ƙarfin tafiya. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, da motsi yake samun abincinsa, kuma tsokar cinya in ta yi ƙarfi takan ɗauke wa gwiwa kaya. Ƙa'idojin da NICE ta fitar a 2022 sun sa motsa jiki da rage ƙiba a gaba da komai. Sun ce wanda ya kai shekara 45, gaɓarsa na ciwo in ya yi aiki, kuma sandarewar safiya ba ta wuce minti 30, ana iya gane ciwonsa ba tare da hoto ba. Sun fifita man shafawa mai maganin kumburi a kan ƙwayoyin sha. Sun ce kada a ba da glucosamine, wanda ake sayarwa da tsada a matsayin mai gyara guringuntsi.

Maganar hoto tana buƙatar ƙarin bayani, domin ita ta fi ɓata wa mutane rai. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai. Kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 an ga alamar lalacewa a faifan ƙashin bayansu. A 'yan shekara 80, kashi 96. Wato in aka ɗauki bayanka hoto, da wuya a rasa abin nunawa, kuma ba lallai shi ke sa ka ciwo ba. Amma da zarar an ce maka "ƙashin bayanka ya goge", ka ji tsoron sunkuyawa, ka kwanta, tsoka ta saki, ciwo ya ƙaru.

Matsalar motsa jiki ita ce babu kamfanin da zai ci riba da shi, saboda haka babu mai zagaya ofisoshin likitoci yana tallarsa. Kuma cewa mutum "je ka motsa jiki" ba manufa ba ce, sallama ce. Ƙasar Denmak ta gane haka. A 2013 masu bincike a can suka ƙirƙiro shirin GLA:D: a horar da masu gashin ƙashi, a tara marasa lafiya rukuni-rukuni, a yi musu bayanin ciwonsu, sannan su yi atisaye sau 12 cikin mako 6 ana kallonsu, a kuma rubuta sakamakon kowa a rajista ta ƙasa. Kanada da Ostareliya sun ɗauki shirin. Shawarar da a da ake faɗa a bakin ƙofa ta zama aiki mai wuri da lokaci da ma'aikaci.

Hujjar wani gari

Duk misalan nan daga ƙasashe masu arziki suke, to ina ruwan mai ciwon baya a Funtuwa ko Maraɗi? Gwiwa dai gwiwa ce. Tiyatar da ba ta yi aiki a Houston ba, ba za ta yi a Kano ba, kuma mai shirin sayar da gona don a yi masa ita a Indiya ko Masar ya cancanci ya san wannan labari.

Amma kwafar ƙa'idojin wasu ido rufe yana da haɗari. Dokar "kada a yi gaggawar hoto" an rubuta ta ne a inda tarin fuka na ƙashin baya ba shi da yawa. A wajenmu yana nan, saboda haka ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, gumin dare, rama, raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, na gaggawa ne. Haka matashi mai sikila da ke ɗingishi da ciwon ƙugu: jini ne ke iya yankewa daga kan ƙashin cinyarsa, kuma atisaye kaɗai ba zai wadatar ba.

Ko ma'aunin samun sauƙi ya bambanta. Takardun tambayoyin da aka tsara a Turai da Kanada suna tambaya ko kana iya hawa bene, shiga mota, sa safa. Hajiyar da ke ƙauye abin da ya dame ta shi ne zaman tahiya, tsuguno a bayan gida, shara da gajeriyar tsintsiya. Masana gashin ƙashi a Jami'ar Ibadan sun tsara nasu ma'aunin da ya ƙunshi irin waɗannan, aka kuma gwada shi da Hausa aka buga sakamakon a 2008. Irin wannan aiki ba ya yin suna, amma in babu shi za a auna abin da bai dami marar lafiya ba.

Sai kuma inda ake yin jinyar. A Ingila mai ciwon gwiwa likitan unguwa yake fara gani. A nan kyamis yake fara zuwa, ko wajen mai ɗori, ko mai tallar magani a mota da lasifika. Asibitin Ƙashi na Dala yana ganin waɗanda suka iya isa Kano ne kawai. A cikin ledar kyamis sau da yawa akwai diclofenac da ibuprofen tare, 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ninka sauƙi, yana dai ƙara haɗarin gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ga kuma tramol, wanda leburori da manoma da dama suka fara sha don ciwon jiki kafin ya kama su. Hujja a kan danginsa a fili take. A 2018 an buga gwajin da aka yi a Amurka a kan mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya, gwiwa ko ƙugu: bayan wata 12, waɗanda aka bai wa magungunan wannan dangi ba su fi masu shan magungunan yau da kullum iya aiki ba, illa dai sun fi su fuskantar illoli. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce a guji waɗannan magunguna da ɗamarar baya, a koma ga bayani, motsa jiki da tausa.

A ganina, ƙa'idar da ta tsaya a teburin ƙwararren likita ba ta taɓa yawancin masu ciwon ba. Tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, akwai mutanen da ke zama su rubuta abin da za a biya. In suka biya hoto da allura suka bar gashin ƙashi, sun zaɓa wa jama'a abin da hujja ba ta zaɓa ba. Koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci atisayen gwiwa da alamomin haɗari ba ya buƙatar na'ura ko dala.

Kai ma mai karatu kana da hakkin tambaya. In an ce za a yi maka tiyata ko allura a gaɓa, ka ce, "Likita, an gwada wannan da waɗanda ba a yi wa ba? Me zai faru in na jira wata uku ina atisaye?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Akwai dai ciwon gaɓoɓi guda da jira ke cutar da mai shi. In yatsun hannu biyu suka kumbura, suka sandare fiye da awa guda da safe, makonni suka wuce ba su saki ba, watannin farko ne ke yanke ko hannun zai tsira ko zai karkace. Maganin da ake farawa da shi, methotrexate, tsoho ne, ba shi da tsada, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Babi na gaba zai bi sawun mai wannan ciwo daga ranar da ya fara ji, mu ga inda watannin nan ke salwanta kafin ya isa hannun wanda zai gane shi.